Taron dashen itatuwa ya yi yawa, inuwa ta ƙi samuwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in yi tsokaci kan tarukan wayar da kai game da sauyin yanayi, waɗanda suka zama ruwan dare a garuruwanmu, musamman idan 5 ga watan Yuni ta zagayo, wato Ranar Muhalli ta Duniya.

Bara na halarci irin wannan taro a nan Kano. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, an raba riga da hula masu ɗauke da hoton ganye. Masu jawabi suka yi ta zuba Turanci, dattawan da aka gayyato suna gyangyaɗi. Daga nan babban baƙo ya durƙusa, aka miƙa masa dashen darbejiya, ya sa a rami, aka ɗauki hoto, aka watse. Bayan mako uku na bi ta wurin a kan babur. Ko kara ɗaya ba a kewaye dashen da shi ba, awaki sun yi kalaci da shi tun tuni. Rigar dai tana nan, ƙanina ke zuwa ƙwallo da ita.

Yara masu kishi ne ke shirya yawancin waɗannan taruka, kuma ban raina ƙoƙarinsu ba. Abin da ke damuna shi ne suna ɓata baki wajen shawo kan mutane a kan abin da kowa ya riga ya gani da idonsa. Mutumin Maiduguri da ya kwana a kan rufin ɗaki lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ba ya buƙatar majigi. Haka mutanen Mokwa, inda ambaliyar ƙarshen Mayun 2025 ta ci rayuka sama da 150. Manomin Haɗeja ya san yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa har gonar da kakansa ya noma ta koma fadama. Abin da talaka bai sani ba shi ne ƙofar da zai ƙwanƙwasa, da tambayar da zai yi idan an buɗe.

Kuma ƙofofin suna nan. Tun 2021 aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Akwai hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da ke aiki a jihohi 11 na bakin hamada. Akwai shirin ACReSAL na Bankin Duniya, na farfaɗo da ƙasar da ta lalace da taimaka wa manoma jure sauyin yanayi, na dala miliyan 700, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Ga kuɗin asusun kula da muhalli da ake rabawa har ƙananan hukumomi. Ban taɓa zuwa taron wayar da kai da aka karanto wa jama'a, da Hausa, nawa ya shigo ƙaramar hukumarsu da sunan muhalli da abin da aka yi da shi ba.

Bari in ba ka labarin abin da muka gwada a unguwarmu kafin faɗuwar damina. Ba mu kira shi taro ba, gayya muka kira. Liman ya yi sanarwa bayan sallar Asuba, ya kawo hadisin nan da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Ranar Asabar matasa suka fito da shebur da manjagara da baro, mata suka aiko da kunun tsamiya. Abin da muka kwaso daga cikin kwata kusan duk ledar ruwa ce da robar lemo. Da aka zauna shan kunu, wani tsoho ya nuna jerin shagunan da ke bakin titi da sandarsa, ya ce a nan kududdufin unguwa yake, a nan suka koyi iyo, kuma duk ruwan saman unguwar can yake gangarawa. An cike shi da bola, an yanka filaye. Yanzu ruwan ba shi da masauki sai ɗakunanmu. Cikin minti biyar yara suka fahimci abin da aka kasa fahimtar da su a otal.

A wurin aka rubuta takarda, mai unguwa ya sa hannu, aka kai wa kansila: kududdufi ɗaya da ya rage kada a taɓa shi, kuma a kwashe sharar da muka tara kafin ruwa ya mayar da ita. Kwashewar ta ɗauki lokaci, sai da muka yi sawu uku. Amma kansilan ya gane cewa masu ƙuri'a ne ke magana, kuma mun gaya masa ƙarara cewa da wannan takarda za mu tarbe shi ranar da ya dawo yawon neman zaɓe.

Game da itatuwa kuwa, mu leƙa maƙwabta. A yankin Maraɗi da Damagaram, tun shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke kututture a gona, suna barin tofo su yi masa aski, abin da suke kira sassabin zamani. Ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo, da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana. Babu rumfa, babu riga da hula. Mai gona ya tabbata itacen nasa ne, shi ya sa ya tsare shi.

Roƙona gare ka, Malam Edita: duk taron dashen da wakilinka ya ɗauko labarinsa a watan Yuni, ka sake tura shi wurin a watan Maris, lokacin da bazara ta kankama, ya ƙirgo mana waɗanda suka rayu, ka buga adadin tare da hoton babban baƙon.

Naka,
Wani mai karatu daga birnin Kano