Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobin Ƙungiyarmu ta 'Yan Gwangwan da Masu Sayen Tsofaffin Batura, Legas

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, dattawanmu da sauran 'yan uwa na Agege, Alaba Rago, Mile 12 da Ojota, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa a bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto nasa daban.

Kusan duk ƙarfinmu ya tafi ne a kan abu guda, wato dattin da ke da guba a sana'armu: ruwan batir, hayaƙin ƙona waya da baƙin mai. Ba mu muka tsiro da zancen ba. A 2022 hukumar NESREA, mai kula da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ta sabunta dokar kayan lantarki, a 2024 kuma ta fito da dokar batura. Manufarsu ita ce kamfanin da ya ƙera kaya ko ya shigo da su ƙasar nan ya ɗauki nauyin tattara su idan sun mutu. Don wannan manufa aka kafa EPRON, ƙungiyar da ke tsara wa kamfanoni aikin tattara matattun kaya, tun 2018 a ɓangaren kayan lantarki. Mu ne hannun farko da ke tsinto waɗannan kaya daga Ladipo, Computer Village da lungunan gari, amma tallafin aikin tattarawar yana bi ta kan masu rajista ne. Wanda sunansa ba ya cikin littafi, ba ya cikin rabo.

Shi ya sa muka fara da takardu. Mun taimaka wa masu shago da yadi su yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, yara masu yawo kuma mun buga musu katin shaida mai hoto da sunan maigidansu. Katin ya yi rana, domin tun da jiha ta haramta tura kurar shara, yaranmu da ke sayen ƙarfe su ma kamun yana rutsawa da su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zagayen da muka yi a wani yadi a Ojota da damina. Mun tarar da yaro, bai fi shekara sha biyar ba, yana sara batirin mota da adda, ya juye ruwan a kwata, ya zaro farantan dalma da hannu tsirara. Wandonsa duk huji ne inda ruwan ya ci. Bai tashi ba sai ga mai ƙosai, ya goge hannu a riga ya kai baki. Baba Alhaji na reshen Agege, wanda asalinsa mutumin Anka ne, ya zaunar da yaran wurin ya ba su labarin 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ya ce musu dalma ba ta ƙuna kamar ruwan batir, shiru take shiga jini, kuma ƙurar da mutum ya kai gida a jikin kayansa ƙananan 'ya'yansa ta fi kamawa. Wallahi wannan zama ya fi duk wata bita tasiri.

Bitar ma an yi. Jami'an muhalli sun zo sun koyar, sun raba safar hannu, takunkumi, takalman roba da wasu durom na ajiye baƙin mai. Mun gode, sai dai kayan ba su kai ko'ina ba, kuma bayanin da Turanci da Yarbanci aka yi, sai da ni da mataimakin shugaba muka koma tafinta. Mun rubuta muna roƙon a buga takardun gargaɗin da Hausa, boko da ajami.

Kun amince a taron tsakiyar shekara cewa ba za a ƙara zubar da ruwan batir ba, a sayar da batirin a rufe ga kamfanin da ke da lasisi. Gaskiya wannan doka tana tangal-tangal. Dalili kuwa sikeli ne: mai saye yana zaftare kilo da sunan nauyin ruwa, wani lokaci fiye da ruwan da ke ciki, don haka yaro ya gwammace ya tsiyaye ya kawo busasshe. Muddin mai kiyayewa ne ke asara, wa'azi ba zai yi aiki ba. Mun zauna da diloli sau biyu a kan tsayayyen ragi, ba mu daidaita ba tukuna.

Ta fannin waya an fi samun sauƙi. Reshen Alaba Rago ya haɗa kuɗi ya sayi injin feɗe waya, kuma kowa ya ga jan ƙarfen da aka feɗe ya fi ƙonanne kuɗi. Ƙananan wayoyi ne injin ba ya iya musu, su ne har yanzu wasu ke cinna wa wuta da tsohuwar taya cikin dare. Mun san yadukan, maƙwabta ma sun sani.

Abu biyu ba mu cika ba. Rancen LSETF, asusun samar da aikin yi na jihar Legas, wanda muka so a sayi ƙarin injuna da shi, ya tsaya saboda yawancinmu ba mu da katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna Legas, ga wasu kuma sun ce ba za su taɓa bashi mai ruwa ba, kuma hakkinsu ne. Gwajin jinin yaran da ke fasa batir shi ma bai yiwu ba, kuɗin ya fi ƙarfin asusunmu.

A taro mai zuwa kowane reshe ya zo da sunayen waɗanda ba su da katin LASRRA, da sunayen yaran da suka fi shekara guda suna aikin batir, da su za a fara gwajin. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin a tashi.

Sakataren ƙungiya