A Kula Da Yaranmu Masu Buƙatar Gashin Ƙashi

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ka ba ni fili in yi magana kan yaran da ake haifa da ciwon da jikinsu ba ya iya sarrafa wani sinadari na abinci, irin wanda likitoci ke kira PKU. Ɗan ƙanwata na cikinsu, sai da ya shekara biyu ko zama ba ya yi, wuyansa na langaɓewa, aka ce iska ce, aka sha rubutu aka yi turare, kuɗi suka ƙare kafin wani likita ya gano jikinsa ne ba ya narkar da wani ɓangare na furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin abinci, shi ke taruwa yana taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya fi min ciwo wai a Ingila da Amurka ɗigon jini kawai ake ɗauka a diddigen jariri cikin kwanakin farko a gane shi, tun shekarun 1960 ake wannan gwajin.

Yanzu an canza masa abinci, muna kai shi sashen gashi na asibiti, inda ake motsa masa gaɓɓai don jikinsa ya yi ƙwari. Ka ga likitar ta kwantar da shi rub da ciki kan wata ƙatuwar ƙwallo tana karkaɗa masa abin wasa har ya ɗago kai, a gida uwarsa na maimaitawa kan tabarma safe da yamma. Ranar da ya dafa kujera ya miƙe, wallahi kuka muka yi.

Amma mutanen ƙauye fa? Kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana uwa zuwa duk sati. Ina roƙon gwamnatocinmu su kai likitocin gashi asibitocin ƙananan hukumomi, a kuma fara gwada jarirai.

Taku,
Wata uwa daga Kano