Wasiƙa ga Habu kan allurar idon Baba

Zuwa ga aminina Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka cewa suga ya kumbura masa tantanin bayan ido, za a riƙa yi masa allura a idon, kuma gabanka ya faɗi da ka ji maganin ɗan'uwan na sankara ne. Kwantar da hankalinka, hakan ba ya nufin sankara gare shi. Abin da ya haɗa cututtukan biyu jijiyar jini ce.

Kowace jijiyar jini tana da shimfiɗa a cikinta, ƙwayoyin halitta jere guda tak, manne da juna. Wannan shimfiɗa ita ce mai gadin ƙofa. Idan ka ji rauni, sai ta sassauta, ruwa ya tsattsafo, fararen ƙwayoyin jini su manne mata sannan su kutsa waje neman ƙwayar cuta. Kumburin da kake gani ke nan, da ja da zafi. Da gangan jiki yake yin sa.

Cikin masu ba ta umarni akwai wani furotin, VEGF. Tarihinsa yana burge ni. A 1983 su Harold Dvorak suka gano shi a matsayin abin da ke sa jijiya yoyo. A 1989 Napoleone Ferrara ya tace shi a matsayin abin da ke tsiro da sababbin jijiyoyi. Ashe abu ɗaya ne! Duk wurin da iskar oksijin ta yi ƙaranci, sai ya yawaita. Sankara tana amfani da shi don jawo wa kanta jini, idon mai suga kuma yana fitar da shi fiye da kima, ruwa ya taru inda ake gani. Shi ya sa Avastin, maganin da ke toshe VEGF, da aka amince da shi a Amurka a 2004 don sankarar hanji, ya shigo hannun likitocin ido.

Amma ni abin da ya fi ɗaukar hankalina wasu tagwayen furotin ne, Ang-1 da Ang-2, masu rububin makama guda a jikin shimfiɗar, mai suna Tie2. Na farkon yana ɗaure shimfiɗar tamau. Na biyun kuwa ajiye yake a cikin ƙwayoyin, yana jiran ƙiris. Da an taɓa su sai ya fito ya ture ɗan'uwansa, ƙofa ta yi sako-sako. Ana samun sa da yawa a jinin masu zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa. Wani sabon maganin ido, Vabysmo, na 2022, yana toshe Ang-2 da VEGF a lokaci guda.

Kada ka ɗauka VEGF mugu ne. Masu sankara da ke karɓar Avastin ta jijiya sukan gamu da hawan jini da jinkirin warkewar rauni, domin lafiyayyar jijiya ma tana bukatarsa. Abin da ake sa wa ido ɗan kaɗan ne ƙwarai. Duk da haka, in Baba ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, a gaya wa likita tun kafin allurar farko. Kuma don Allah kada ya tsallake ranar komawa, maganin yana ƙarewa, yoyon ya dawo.

Ka gaishe min da shi da kyau, da su Mama. Ina jiran labari bayan allurar.

Naka,
Isiyaku