Littattafan da na sa miki a ƙasan kwali

Assalamu alaikum Auta,

Da fatan kina lafiya, ya bautar ƙasa da baƙunta? Mu nan Tudun Wada kowa lafiya, sai sanyi da ya fara sauka.

Ranar da muka yi waya kin ce in kin taso daga aiki ba ki da abin yi sai latsa waya, har kin biya kuɗi ana turo miki labari shafi-shafi a WhatsApp. Ban hana ki ba, don a cikin yaran nan akwai masu alƙalami na gaske. Abin da ke damuna shi ne labaran da kika lissafa mini duk tafiyarsu ɗaya: attajiri mai girman kai, yarinya 'yar talakawa, wulaƙanci, sai kuma a ƙare a gidan bene. Idan kika daɗe kina shan irin wannan, wata rana za ki ɗauka wulaƙanci ma wani salon so ne. Shi ya sa da za ki buɗe kwalin da na aiko, ki ɗaga ƙullin kuka da daddawa, akwai littattafai a ƙasa.

Ki fara da mai yagaggen bangon nan da na liƙe da salatif, Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. A 1990 ya fito. Na karanta shi ina goyon yayarki, a bakin murhu, har tuwo ya kama ban sani ba. Labarin Rabi ne, wadda mijinta ya kora da 'ya'ya tara saboda sabuwar amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. A shekarar da na karanta shi an saki wata aminiyata da yara biyar, kuma duk wanda ya zo jaje haƙuri kawai yake ba ta. A littafin nan na fara ganin an rubuta abin da ke bayan haƙurin: kuɗin cefane, kuɗin makaranta, da idon dangi. Ƙarshensa bai yi mini daɗi ba, har yau ina jayayya da shi a raina, kuma ina so in ji naki ra'ayin. Marubuciyar kanta tun tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, ga shi a 2012 an buga fassarar littafin da Turanci a Indiya.

Ƙaramin kuma So Aljannar Duniya ne na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC na nan Zariya ya buga a 1980. Ki karanta don ki san inda hanyar rubutun mata ta faro.

Amma na san sababbi kike nema. Tun 2016 BBC Hausa ke shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai na mata zalla, ana kuma karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Na farko da ya ci shi ne Sansani na Aisha Muhammad Sabitu, a kan rayuwar 'yan gudun hijira. A 2021 Aishatu Musa Dalil ta ci da Haƙƙina, labarin yarinyar da aka yi wa fyaɗe, gida suka zaɓi rufin asiri a kan nema mata haƙƙi. Ranar da na saurare shi ina tsinkar zogale ne, sai da na ajiye tiren. Wadda ta rubuta shi ba ta kai shekarunki ba a lokacin. A 2022 kuma Amira Souley daga Nijar ta ci da Garar Biki. Ki nemo su a wayar taki, sun fi abin da kike biya wa kuɗi.

Na Turanci guda ɗaya na sa, Stay With Me na Ayobami Adebayo, na 2017. Tunda Allah ya kai ki jihar Osun, a Ilesha labarin ya faru. Matar aure ce da ba ta haihu ba, dangin miji suka kawo mata kishiya har falo. Za ki ga gorin haihuwa bai san Bahaushe ko Bayarabe ba. Akwai wuraren da za su ba ki kunya, na faɗa miki tun yanzu, amma kin yi girman da za ki tace da kanki.

Kada ki bar karatu ya ci miki lokacin sallah ko na barci. In kin gama kowanne ki kira ni mu tattauna, musamman a kan Rabi. Mai salatif ɗin nan kada ki ba kowa aro, shi kaɗai gare ni.

Babanku da yayyenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka, ya dawo mana da ke lafiya.

Ummanki,
Tudun Wada, Zariya