Daga Damagaram: a taɓo mana littattafan da aka gina kan tarihi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum, ya aiki ya haƙuri da mu masu dogon rubutu. Ni mai bin jaridarku ne daga nan Zinder, kuma abin da ya sa na ɗauko salula nake wannan latse-latsen shi ne shafinku na adabi, wanda gaskiya yana ƙoƙari, sai dai kusan kullum kan littattafan soyayya yake tsayawa, alhali akwai masu karatu maza da mata irin waɗanda in sun kama littafi sai kiran assalatu ke raba su da shi, sun cinye na soyayyar nan kaf sun fara tambaya ko akwai wani abu daban. Akwai mana. Ƙagaggun labarai da aka ɗora kan tarihi nake nufi, kuma ba na sarakunan Ingila ko yaƙe-yaƙen Turai ba, na ƙasar nan da kakanninmu suka taka da ƙafarsu.

Duk wanda ya tambaye ni da Shaihu Umar nake sa shi ya fara, don da Hausa yake, kuma siriri ne, yini guda ka gama. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi lokacin gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, yana saurayi malamin makaranta a Bauci, tun ba wanda ya san shi zai zama firayim ministan Najeriya. Wani malami ne, Shaihu Umar, ɗalibansa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya zauna yana ba su labari tun daga Kagara, yadda 'yan fada suka ƙulla wa mijin uwarsa Makau sharri aka kore shi, yadda aka sace shi Umar ɗin yana ƙarami, ya bi hannu-hannu har ya faɗa gun wani Balarabe Abdulkarim da ya ƙetara hamada da shi ya riƙe shi kamar ɗansa ya sa shi karatu. Amma ni ba Umar ne ke hana ni barci a littafin ba, uwarsa ce, matar da ta bar ɗakinta ta bi sawun ɗanta har Murzuk har Tarabulus, ita ma aka maida ta baiwa a hanya. Ba zan faɗi ƙarshe ba kar masu karatu su tsine mini. Abin da zan ce kawai, marubucin ba ya ɗaga murya ko kaɗan, yana ba ka labarin harin kama bayi da sanyin baki kamar yana faɗin farashin hatsi, wasu na ganin wannan gazawa ce wai ya kamata ya fito ya la'anci bauta, ni kuwa nan na ga ƙarfinsa, don mutanen wancan zamanin haka suka ɗauki abin, kai mai karatu ne zuciyarka za ta yi la'antar. Kuma mu 'yan Damagaram bai kamata mu karanta shi muna cewa ai can ne ba. Baturen nan James Richardson da ya sauka garin nan a farkon 1851 ya rubuta yadda ake fita hari a dawo da mutane a ɗaure, kuma ayarin da ke zuwa Ghat da Tarabulus a Zango yake sauke kaya. Wannan ɓangaren tarihin ba a cika jin shi bakin maroƙa ba.

Ɗan'uwansa na gasar, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, shi ma a nema. Farkonsa yaƙi ne da Nasara lokacin da suke cin ƙasar Hausa, da kirari da cika baki mai daɗin karantawa a bayyane, daga baya ne labarin ya ɓalle ya shiga ƙasar aljannu da maridai, daga nan kam tarihi ya sauka a mota. Duk da haka rabin farkon ya biya kuɗinsa.

To sai namu na gida, Sarraounia na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980. Kowa a Nijar ya san sunan, an sa wa lakwal-lakwal da shaguna da ƙungiyoyin mata, amma ka shiga fada ka tambayi samari masu shan shayi wa ya taɓa buɗe littafin, sai a yi ta kallon juna, galibi fim ɗin Med Hondo na 1986 aka gani, wanda ya ci babbar kyautar bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu a 1987, wasu ma labarin fim ɗin kawai suka ji. Mamani mutumin yankin nan ne, an haife shi a Gudumariya a 1932, a Zinder ya yi tashensa na siyasa cikin jam'iyyar Sawaba, ya sha gudun hijira shekaru ya sha kurkuku, kuma hatsarin mota ya ɗauke shi a 1993 kan hanyar Yamai. Littafin yana bin rundunar kaftin Voulet da Chanoine da suka ratso ƙasar nan a 1899 suna ƙona garuruwa suna yanka mutane, abin da suka yi a Birnin Ƙonni har yau ba a manta ba, da kuma Sarauniyar Aznan Lugu can wajen Dogon Dutsi da ta ƙi miƙa wuya aka gwabza cikin watan Afrilu na shekarar. Abin da ya biyo baya ko mai ƙaga labari zai ji kunyar ƙirƙiro shi: gwamnatin Faransa ta aiko kanar Klobb ya karɓe rundunar, Voulet ya sa aka harbe shi a Ɗankori ranar 14 ga Yuli, bayan kwana biyu zuwa uku sojojin rundunar baƙaƙe suka juya wa Voulet da Chanoine bindiga su ma, kaburburansu na nan Maijirgi kusa da Tasawa, duk mai bin babbar hanya yana wucewa ta garin.

Nan fa nake son masu karatu su buɗe ido, don roman ne, wato ƙagaggen labari, ba littafin tarihi ba. Takardun Faransawa kaɗan suka ce game da Sarauniya, kuma abin da tsofaffin Lugu ke faɗi ya fi karkata ga tsafi da ɓacewa cikin kurmi, Mamani ne ya gina ta ya ba ta ƙuruciya da horon yaƙi da jawabai masu zafi, ya maida ta tutar duk wanda ya ƙi mulkin mallaka, kuma da ka san shi ɗan Sawaba ne da ya ɗanɗani gidan kaso sai ka gane da wa yake magana. Sarakunan musulmi kuwa bai yi musu da sauƙi ba a ciki, wani zai karanta ya ji haushi, ni ma akwai wuraren da na ce haba malam Abdullahi. Amma wannan ba dalilin ƙin karantawa ba ne, dalilin karantawa ne a zo a yi gardama, gardamar da ta fi ta Barça da Real da muke kwana a kai.

Wanda kuma Faransancinsa ya nuna sosai, ina roƙonsa ya nemi Monnè, outrages et défis na Ahmadou Kourouma ɗan Kodebuwa, 1990. A ganina duk cikin waɗanda na lissafa shi ya fi gwaninta. Wani sarki ne Djigui Keita na ƙasar Soba, ƙasar ƙagagge ce, zamanin Samori, sarkin nan da ya yi ta yaƙar Faransawa, ya tara talakawansa suna gina ganuwa suna yanka dabbobin sadaka don tare Nasara, sai ga Nasaran sun shigo salin alin ba ko harbi, sarki ya tsaya yana zuba musu baƙaƙen maganganu na ƙin yarda, tafinta kuwa da yake abokin wasan Keita ne ya ƙi fassarawa don ya cece shi, shi ke nan ƙasa ta tafi a bakin tafinta. Daga nan sarkin ya yi ta rayuwa har ya haura shekara ɗari yana ganin kansa mai mulki alhali shi ke tara wa kwamanda haraji da 'yan aikin tilas, har da alkawarin jirgin ƙasa da aka yi masa don girmamawa wanda ya ci rayukan mutanensa. Ka yi dariya ka yi dariya sai ka ji dariyar ta maƙale. Duk wanda ya taso yana ganin guntayen ganuwar Tanimun a Birni, sarkin da ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884 har ana ƙera masa igwa a garin nan, zai karanta littafin nan da wani irin ciwo na daban. Kuma in maganar tafintoci ta kama ka, ga L'étrange destin de Wangrin na Amadou Hampâté Bâ, 1973, labarin tafintan da ya yi ta wasa da hankalin kwamandoji ya tara dukiya ya kuma rasa ta, ko da yake shi marubucin ya dage cewa mutumin ya rayu da gaske ba ƙage ba ne.

Masu son littafi mai kauri wanda za a yi wata ana ja, Ségou na Maryse Condé, juzu'i biyu, 1984 da 1985. Gidan wani bafade Dousika Traoré ne a daular Bambara, 'ya'yansa huɗu kowa da inda ƙaddara ta jefa shi, ɗaya ya musulunta ya tafi karatu Tumbutu, ɗaya aka kama shi aka sayar har Barazil, ɗaya ya bi fatauci har Fas, ɗaya ya zama sojan haya wajen Ashanti, ana tafe har jikoki har zuwa shigar Shehu Umarul Futi Segu a 1861. In faɗi gaskiya tun da wuri, akwai wuraren da ba na yara ba ne, kuma 'yan'uwa Tijjanawa ba za su ji daɗin yadda ta zana Shehun ba, matar 'yar Gwadalup ce, da idon jikar bayin da aka kwashe take kallon abin. A karanta da wannan a zuciya. 'Yan franko-arab kuma kar su ce an manta da su, Jurji Zaidan ya rubuta riwayoyi sama da ashirin kan tarihin musulunci, Larabcinsa mai sauƙi ne, kuma kusan kowanne akwai soyayya a tsakiya, to ka ga an haɗa maka biyu.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Edita. Ka duba jerin nan, na Hausa biyu ne kacal kuma duka sun haura shekara 90, sauran sai wanda ya yi lakwal mai zurfi. Ƙanwata da ta tsaya a firamare tana karanta littafin Hausa mai shafi ɗari biyar a salula ba ta gajiya, amma Sarauniya da aka rubuta kan Hausawa 'yan'uwanta ba ta da hanyar shiga. Kuma ba rashin labari ne ya hana marubutanmu ba. Ga kaftin Cazemajou Bafaranshe da aka kashe a garin nan a 1898 shi da tafintansa, me aka faɗa a fada daren da aka yanke shawarar, wa ya ce a yi wa ya ce a bari? Ga yaƙin Tirmini a ƙarshen Yulin 1899 da ragowar waccan rundunar ta Voulet, da sarki Amadu Kuran Daga da ya fita daga birninsa aka bi shi aka kashe bayan 'yan makonni. Ga shekarar 1906 da Faransawa suka ce sun gano shirin tawaye suka tuɓe Amadu Ɗan Basa suka kai shi Kodebuwa, da attajiri Malam Yaro da wakilansa har Tarabulus, da ranar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder aka kai Yamai a 1926 aka bar mu da gine-gine. Marigayi André Salifou ya yi nasa, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 ya kuma yi wasan kwaikwayo kan Tanimun, wato an riga an share gona, shuka ta rage.

Wanda ya fi tsaya mini a rai ma Dorugu ne. Yaro ne daga ƙasar Damagaram da aka kama bawa, ya faɗa hannun Turawan nan masu yawon bincike aka 'yanta shi, ya bi ɗaya daga cikinsu, Heinrich Barth, har Tumbutu, ya ƙetara hamada da shi har Landan a 1855, can ya zauna ya ba wani ɗan mishan Schön labarin rayuwarsa da Hausa aka buga, ya dawo ya ƙare kwanansa a Kano. Yaron ƙauye da ya ga kasuwar bayi ta Kukawa ya kuma ga jirgin ƙasa na Ingila kafin ya yi gemu, a ce har yau yaranmu ba su san sunansa ba, ina marubutan Kano da Katsina da Maraɗi masu fitar da littafi duk wata, ina namu na nan da ke zuba rubutu a WhatsApp? Ku sa soyayyar a ciki in kuna so, ai mutanen da ma sun yi so, amma a je a zauna da tsofaffin Birni da makaɗan fada tukuna a ji yadda ake ɗaura sirdi da abin da ake ci a ayari, kar a sa wa jarumin 1890 agogon hannu.

Roƙona gare ku biyu ne. Ku ware ko rabin shafi ne sau ɗaya a wata don irin waɗannan littattafai, a faɗi abin da ke ciki da inda mai ƙaramin ƙarfi zai samu, don a nan in ba ka dace da masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa wajen Kasuwar Dole ba sai dai ka yi saƙo Yamai ko Kano, ko ka ari na wani malamin lise ka yi fotokofi. Na biyu, ku nemi izinin masu haƙƙin Sarraounia a samu wanda ya iya harsunan biyu ya juya shi zuwa Hausa, ku riƙa fitar da shi babi-babi duk mako, a jami'ar garin nan kaɗai akwai waɗanda za su iya aikin in an neme su an biya su.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Mai karatun jaridarku daga unguwar Birni, Zinder