Gidan Baba ya zama masauki

Kano, daren Laraba

Mutumina Bazazzage,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya yara, ya sanyin Landan da kuka zaɓar wa kanku? Kada ma ka fara ƙorafi, na san laifina. Wata bakwai ke nan ba abin da kake samu daga wurina sai ɗaga yatsa a WhatsApp. Saƙon muryarka mai minti goma sha ɗaya kuwa na saurare shi har sau biyu, kuma minti tara a ciki zagina ne. Na yafe maka, bawa ba ya ɓata wa ubangidansa rai.

To abin da Dogo ya tsegunta maka gaskiya ne. Gidan Baba na Gyaɗi-Gyaɗi mun mayar da shi masaukin kwana-kwana, irin wanda 'yan Abuja ke ce wa shotlet. Har a Airbnb, shafin intanet da ake kama masauki, muna nan. Ka duba za ka ga darbejiyar da ka faɗo daga kanta ta yi kyau a hoto kamar ba ita ba.

Ka san bayan Hajiya ta gama takaba ciwon gwiwar nan ya matsa mata, Yaya ya ɗauke ta ya koma da ita Hotoro. Gida ya zauna ba kowa sai maigadi da ƙadangaru. Ba a yi wata shida ba aka haura aka zare wayoyin wuta, aka tafi da injin rijiya, gara kuma ta shiga silin ɗin falo tana cin rabonta. Muka zauna taron gida. Yaya ya ce a sayar a raba, kowa ya kama gabansa. Kawu ya ce a sa 'yan haya na shekara, ni kuma na tuna masa yadda shi kansa ya yi shekara biyu yana zaryar kotu kafin ya fitar da nasa. Auta ce, wadda ba a tambaye ta ba, ta ɗago kai daga waya ta ce ai a Abuja mutane kwana uku suke kama gida su biya abin da ɗan haya ke biya a wata. Aka yi mata dariya, sannan aka yi shiru, sannan aka ɗora mini aikin, don ni ne wanda ba ya iya cewa a'a.

Hajiya ta yarda, amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, ba namijin da zai kwana da mace a gidan mijinta sai matarsa ce. Na biyu, ɗakin Baba a kulle, makulli a hannuna, ko shara ni kaɗai zan shiga in yi. Riƙe wannan na biyun, zan dawo kansa.

Gyara ya ci kuɗi, malam. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 janareta ya zama kayan ado, ga shi kuma a Afrilun 2024 aka kai kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta, naira 225 kowane yunit, baƙo kuwa in ya biya kuɗinsa ba ruwansa, zai kunna na'urar sanyaya ɗaki ya fita yawo ya bar ta tana yi wa bango fifita. Dole muka sa sola da batura, na sayar da filina na hanyar Gwarzo na zuba. Amma ina da lissafina. A Disambar 2024 UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, ni kuwa na ce shi ke nan, kakarmu ta yanke saƙa. Turawa za su yi ta tururuwa, Hawan Daushe, Hawan Nassarawa, Hawan Ɗorayi, kwana biyar cur gida a cike, kuma da dala. Har na fara duba farashin mota.

Da gaske kuwa wasu mata da miji daga Holan suka kama kwana biyar na Ƙaramar Sallah. Ana saura kwana biyu, ƙarshen Maris ɗin nan na 2025, aka sanar an dakatar da hawa saboda rikicin masarautar nan da ka sani, kamar dai yadda aka yi a Babbar Sallar 2024. Su kuma sun riga sun sauka Abuja. Haka suka iso da kyamarori manya-manya ba doki ko ɗaya. Ni na zama dokin. Na kai su marinar Ƙofar Mata, matar ta tsoma hannu a baba ta fito da shi shuɗi tana murna kamar an ba ta kujerar Makka. Na kai su Kurmi, na kai su Gidan Makama, na hau Dala da su, rabona da hawa tun muna aji uku, a tsakiyar matattakala na zauna ina ƙaryar ɗaura takalmi alhali silifa ce a ƙafata. Ranar Sallah Hajiya ta aiko musu da tuwon shinkafa da miyar taushe, mijin ya yi ƙari sau biyu. Da suka tafi suka ba mu tauraro biyar, sai dai sun rubuta cewa duk mai zuwa ya sani akwai wani mutum da ke waƙa da lasifika kullum kafin gari ya waye. Ladanmu! Da na faɗa masa bai yi dariya ba, cewa ya yi ai gara da suka ji.

Daga su ba mu sake ganin Bature ba. Masu ciyar da gidan ashe 'yan biki ne. Dangin ango daga Legas ko Kaduna, ƙawayen amarya, waɗanda ba sa son otal don a otal ba a girki, ba a baje kaya a tsakar gida. Kuɗinsu a hannu, ba sa ma neman ragi sosai, amma Allah ya kiyashe ka da ganin gida bayan sun fita. A waya za a ce maka mutum shida ne. Ka leƙo da daddare ka ƙirga takalma talatin da huɗu a bakin ƙofa, na ƙirga da kaina. Fararen zannuwan gado da Auta ta dage sai an saya, wai su ne ke kyau a hoto, lalle ya gama da su a biki ɗaya. Wata ta ɗora kaskon turaren wuta a kan kafet ɗin falo, yanzu akwai wani zagaye baƙi da na rufe da tebur. Wani ango kuma abokansa suka kawo mai kiɗa har ƙarfe ɗaya na dare, washegari mai unguwa ya aiko a kira ni. Mutumin da ya halarci sunana, ya sa ni na durƙusa a zaurensa yana tambayata ko gidan Malam ne ya zama gidan rawa. Ban sami bakin magana ba. Tun daga nan na kafa doka: kuɗin ajiya kafin a ba da makulli, hoton katin ɗan ƙasa, ba kiɗa bayan goma, ba shisha. Mace da namiji kuwa in suka zo su biyu sai na tambayi shaidar aure, kuma ka san yawancin aurenmu ba takarda, shaidarsa goro da alawa ne da aka cinye tuntuni. Sai dai in dubi fuska in yi tawakkali. Ka ce a Landan doka ta ƙayyade kwana 90 a shekara ga mai ba da gidansa irin haka. Mu nan dokarmu mai unguwa ce da idon maƙwabta, kuma na rantse ta fi taku tsanani.

Af, kafin in manta, Ustaz ya ƙara aure. E, shi dai, mai yi mana wa'azin tsadar rayuwa. Ya nemi in ba shi gidan kwana uku kyauta don baƙinsa, na ce masa gidan marayu ne, ya ce marayu masu furfura? Dogo kuma wai kansila zai tsaya. Ya buga fasta tun yanzu, hoton na shekara goma da suka wuce ne lokacin yana da gashi.

Rabon kuɗin ma wani karatu ne. Duk ƙarshen wata sai in cire na maigadi, na mai shara da wanki, na gyare-gyare, sannan a fitar wa Hajiya tumuninta, ragowar a kasa takwas: mu maza uku bibbiyu, mata biyu ɗai-ɗai, yadda malamin da ya raba mana gado ya tsara. A takarda abin gwanin sha'awa. A zahiri akwai watan da kason Auta bai kai kuɗin datar da ta ƙona tana amsa wa baƙi saƙo ba. Yaya kuwa ba ya cewa komai, sai dai ya dubi lissafin ya ce "Hmm." Ka san wannan "hmm" ɗin.

Yanzu ga abin da ya hana ni barci har na zauna rubuta maka wannan. Ka san gidan ba nisa da Asibitin Malam Aminu Kano. To mako uku da suka wuce wani saurayi ya buga mini waya da Hausar Damagaram, ya ce sun kawo mahaifinsu wankin ƙoda, sau biyu a mako, otal ya fi ƙarfinsu kuma tsoho ba zai iya zaryar hanya ba. Na faɗi farashi, ya yi shiru, na ji yana lissafin sefa a ransa. Na raba biyu. Suka zo da magariba a motar haya, shi da ƙanwarsa da tsohon, dogo siriri da rawani, ƙafafunsa sun kumbura ko takalmi ba ya shiga. Ɗakunan baƙi duk a sama suke. Muka gwada, matakala uku ya hau ya tsaya yana haki, ya dafa bango, ya ce mini, ɗana, bar ni in kwana a nan zaure, ba komai.

Ɗaki ɗaya ne a ƙasa mai banɗaki a ciki, ka san shi.

Na tsaya da makullin a aljihu ina jujjuya shi har ya yi zafi. Sannan na buɗe. Komai na nan yadda ya bari. Buzunsa a ninke, tabaransa a kan Muwaɗɗa, rediyon nan mai eriya ɗaure da waya, kalandar 2022 ba wanda ya cire. Ƙamshin turarensa bai gama fita ba. Na kwashe littattafan da tabarau na sa a akwati, na canza shimfiɗa, muka kwantar da tsohon a gadon Baba. Da safe na dawo da koko da ƙosai na tarar an fitar masa da kujera gindin darbejiya, daidai inda Baba ke zama, ya kunna rediyon yana jin labaran safe. Wallahi sai da na koma mota na zauna na ɗan jima.

Hajiya ba ta sani ba. Yaya bai sani ba, shi abin da ya gani kawai kuɗin watan nan ya ragu. Auta ta sani, don ita ke kai musu abincin da ba gishiri, kuma ta ce in na kuskura na sa sunanta a ciki za ta ce ba ta taɓa ganina ba. Sau uku ina zuwa Hotoro da niyyar faɗa, in gaida Hajiya, ta tambaye ni ko ina share ɗakin, in ce ina sharewa. Ba ƙarya na yi ba, amma kai ma ka san me na yi. Wani lokacin sai in ce da Baba na raye da shi da kansa zai bar musu ɗakin ya koma zaure, ai ka tuna almajiran da ya riƙa kwantarwa a shagon ƙofar gida lokacin hunturu. Wani lokacin kuma in ce ba Baba na yi wa alkawari ba, ita na yi wa, kuma ba ta ce "sai dai in" ba. Ga wasu 'yan biki sun nemi gidan gaba ɗaya a ƙarshen wata da kuɗi mai kauri, ban amsa musu ba, don ban san inda zan kai tsohon ba.

Kai da Hajiya take ji da kai, har yanzu tana cewa Bazazzagen nan ya fi ku hankali (tsufa ne), ko za ka kira ta ranar Juma'a ku gaisa, ka ɗan taɓo zancen masu jinya da ladan da ke ciki, ba tare da ka ambaci ɗaki ba? Ni kuma in shigo Asabar in ƙarasa. In kuwa ka ga wannan dabara ce ta matsorata, faɗa mini, ba zan ji haushi sosai ba.

Na san akwai abin da ka tambaye ni a ƙarshen saƙon nan naka, kan zuwanku a Disamba ne ko kan filinka, ya shige mini. Sake turowa, amma a rubuce. In kuma za ku zo ɗin, taho mini da zannuwan gado guda shida, masu duhu, kalar da lalle ba zai nuna ba.

A gaida Madam, a shafa mini kan yara.

Naka,
Ubangidanka na Kano