"Na gane shi" ba ta isa hujja ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Bara ɓarayi suka tare mu a hanya bayan magariba, suka ƙwace mana wayoyi. Bayan mako biyu aka kira ni caji ofis, aka fito da wani saurayi shi kaɗai, hannunsa da ankwa, aka ce, "Malam, shi ne?" Wallahi bakina ya kusa cewa eh. Abin da ya riƙe ni shi ne karatun da na taɓa yi kan yadda masana halayyar ɗan Adam ke auna tuna fuska.

Sukan nuna wa mutum hotuna, a ce 20, can anjima su cakuɗa su da sababbi 20, su ce ya ware waɗanda ya gani. To, wanda ya ce "na gani" a kan duka 40 ɗin ya ci 20 bisa 20, alhali bai tuna komai ba! Shi ya sa ba sa ƙirga dacewa kaɗai. Sai sun ƙirga sau nawa ya ce ya san baƙuwar fuska, su auna tazarar da ke tsakanin biyun. Ni da aka nuna mini mutum ɗaya tal, ta ina za a gane ko cikin masu saurin cewa eh nake?

A 2001 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Meissner da Brigham, sun haɗa bincike 39 na mutane kusan 5,000, suka gano cewa kuskuren nuna wanda ba shi ba ne ya fi yawa idan fuskar ta mutumin da launin fatarsa ya bambanta da na mai kallon ce. A Amurka kuwa, wata mata ta rantse a kotu cewa wani mutum mai suna Ronald Cotton ne ya yi mata fyaɗe a 1984. Ya shafe fiye da shekara 10 a kurkuku kafin gwajin DNA ya wanke shi a 1995. Matar ba ƙarya ta yi ba, haka ta yi imani.

Roƙona ga 'yan sanda: a riƙa jera mutane masu kama da juna, a faɗa wa shaida cewa ta yiwu mai laifin ba ya ciki, jami'in da bai san wanda ake zargi ba ya gudanar, a kuma rubuta ƙarfin tabbacin shaidar nan take.

Ranar dai na ce, "Ban tabbata ba." Har yau ina ganin yadda leɓen yaron ke rawa.

Mai karatunku,
daga Zariya